Ƙofa Daidai Babban Yatsa

Shekara ashirin da uku ina Bab Makka,
ƙarƙashin rumfar da ranar Jidda ta cinye wa launi,
ina auna dabino, ina ƙulla turaren wuta,
carbi na lilo a ƙusa kamar kanya a reshe.
Wanda ya san ni ya zo,
wanda bai san ni ba, hancinsa ya kawo shi.

Sai aka ce kasuwa ta tashi, ta koma cikin iska.
Na ƙirga wa wani Bamisire riyal dubu biyu,
ya gina mini shafi, faffaɗa kamar filin Idi,
hotuna tuli, sunana da ruwan zinare,
har da tsuntsu mai kaɗa fiffike bisa rubutu.
A kwamfutarsa, wallahi, fada ce.
Ka nemi dabinon Madina da Hausa,
ni ne kan gaba, saura na bayana.

Bana kuwa, shiru.
Wayar da ke tashina kafin ladan ta zama bebiya.
Na zargi Jibo na shagon kusa,
na zargi canji, na zargi jirage,
na ƙara sadakar Juma'a.

Barira, 'yar ƙanena, ta biyo da la'asar,
jakar makaranta a kafaɗa.
Ta ce, "Baffa, buɗe shagon naka a waya mu gani."
Ban taɓa ba.
Wa ke leƙen gidansa ta kafar makulli?
Na buɗe. Muka jira. Shayi ya huce.
Da ya fito, rubutu kamar tururuwa a faranti.
Na ja da yatsu biyu, farashi ya gudu gabas,
na bi shi, lambata ta faɗa yamma,
na kai hannu wajen saye, tsuntsun nan ya tare ni.

Ta ce, "Hajiyar da ke tsaye a Mina,
laima a hagu, waya a dama,
gumi na shiga mata ido,
ita za ta tsaya farautar farashinka?
Injin bincike ma ta waya yake shigowa yanzu.
In ya tarar ƙofa ta gagari yatsa,
sai ya tura ka shafi na huɗu,
inda ko ɓarawo ba ya leƙawa."

Dare uku tana zaune kan buhun sukari.
Ta yanka tsuntsun, ban ga namansa ba.
Ta sa hotuna azumi har suka rame,
ta jera kaya ɗaya bisa ɗaya
yadda inna ke jera ƙwarya,
ta faɗaɗa madanni har kaushin yatsana ya same shi.
Da ta zo kan ruwan zinare na yi gardama.
Ta ce, "Baffa, mai saye ba sunanka ya zo ci ba."
Na kama gyaran sikeli,
alhali babu abin da ya samu sikeli.

Ba a dare ɗaya muka hau ba.
Mako biyu muna na uku,
wata ya mutu muna na biyu,
kullum in duba kamar mai jiran ganin jinjirin wata.
Ran wata Talata, ina tsakiyar alwala,
waya ta yi tari.
Wata Ladidi ce daga Damagaram,
tana cikin mota daga Madina,
kilo uku na ajwa, a ajiye mata kafin jirginta.

Da dare na tsaya bakin rumfa ina dubanta.
Taku uku ne faɗinta, tun ran da na kama haya.
Komai hannu na kai masa ba tare da na tashi ba,
ban kuma taɓa jin kunyarta ba.
To, me ya kai ni gina fada a iska?

Yanzu ni ne na biyar daga sama.
Jibo na uku. Allah ya sa masa albarka,
zan dai tambayi Barira dalili.
Tsuntsun kuwa, kada ku faɗa mata,
wani lokaci nakan yi kewarsa.